Yadda ake tsintar tsofaffin kayan aiki masu ƙarko a gwanjon gidajen Amurka

Wannan bayanin na yi shi ne don 'yan'uwa da suke nan Amurka, musamman sababbin zuwa, da kuma wanda yake da ɗan'uwa kafinta ko bakanike a gida yana so ya aika masa da abin da zai amfane shi shekara da shekaru. Ni a jihar Ohayo nake, kuma tunda na gano wannan harkar ban ƙara shiga shago na sayi guduma ko sifana sabuwa ba. Ƙarfen da aka ƙera a ƙasar nan shekara 70 ko 100 da suka wuce har yau yana nan zube a garejin tsofaffi, ana sayar da shi kuɗin da bai kai na shayi da biredi ba, kuma wallahi ya fi yawancin sabon da ake jerawa a kanti inganci nesa ba kusa ba. Abin da ake buƙata kawai ka san inda zaka je, da lokacin zuwa, da abin da idonka zai nema.

Da farko ka bambance gwanjon, don iri biyu ne

Akwai wanda suke kira yad sel ko garej sel. Wannan mutanen gida ne da kansu suke fito da tarkacen da suka ishe su, su shimfiɗa a kan tebur a ƙofar gida ko bakin gareji, yawanci Juma'a da Asabar da safe, daga lokacin da sanyi ya tafi wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba. Mafi yawan abin da zaka gani kayan yara ne da tufafi da kwanuka, zaka iya zaga gida goma baka ga ko ƙusa ba. Amma ranar da ka dace to ka dace, saboda mai sayarwa sau da yawa bai san darajar abin ba, so yake kawai a kwashe masa.

Na biyun shi ne estet sel, kuma nan ne ainihin wajen. Idan tsoho ya rasu, ko an mai da shi gidan kula da tsofaffi, ko zai bar babban gida ya koma ƙarami, sai magada su ɗauko kamfani ya zo ya liƙa farashi a kan komai na gidan, tun daga gado har cokali, a buɗe ƙofa kwana biyu ko uku kowa ya shiga ɗaki-ɗaki. Mutumin da ya yi shekara 50 a gida ɗaya yana gyara motarsa da kansa yana yin kujerunsa da kansa, duk kayan aikinsa suna nan a inda ya bar su.

Nemo inda za a yi tun ranar Laraba

Kar ka bari sai Asabar ka fita yawo kana neman kwalin da aka manna a jikin falwaya, man motarka kawai zaka ƙona. Tun Laraba ko Alhamis da daddare ka buɗe shafin intanet na EstateSales.net ka sa lambar unguwarku, zai fito maka da duk na kusa da hotunansu. Ka duba Craigslist da Facebook Marketplace da Nextdoor don na ƙofar gida. Hotunan nan su ne rabin aikin, ka tsallake na falo da kicin ka je can ƙarshe inda suke sa na gareji da ɗakin ƙasa, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa sosai. In ka hango bencin aiki da bais, wato ƙarfen da ake matse abu a ciki a yi aiki, a maƙale, ko allon nan mai huda-huda da ake rataye kaya a bango, ko akwatin ƙarfe ja mai durowa, to sa wannan gidan a farkon layi.

Unguwa ma tana magana. Sababbin unguwanni masu manyan gidaje iri ɗaya ba kasafai ake samun komai ba. Tsofaffin unguwannin ma'aikatan masana'anta da ƙauyukan manoma, gidaje ƙanana masu gareji a ware a baya, can kayan suke. Wanda kuma yake son ya ga abin da yawa a lokaci guda, akwai gwanjon babbar hanya mai lamba 127 da ake farawa ranar Alhamis ta farko a watan Agusta a yi kwana huɗu, tsawonsa mil 690, ya taso daga Addison a Mishigan ya ratsa yammacin Ohayo da Kentaki da Tenesi har Gadsden a Alabama. Tun 1987 ake yinsa. Sai dai can 'yan kasuwa sun yi yawa kuma sun san farashi, arhar ta fi samuwa a gidajen da suke ɗan nesa da titin.

Abin da zaka riƙa da lokacin da zaka isa

Tsabar kuɗi, kuma canji, 'yan dala ɗai-ɗai da biyar-biyar. In ka gama roƙon ragi a kan abin dala 4 sannan ka zaro takardar 50 ka ɓata cinikin da kanka. Kamfanonin estet da yawa suna karɓar kati amma masu ƙofar gida tsaba suka fi so. Sai ƙaramar tocila don ɗakunan ƙasa duhu ne da su, da safar hannu, da tsumma, da ɗan guntun samfefa mai laushi na goge tsatsa ka ga tambari, da ƙaramar rula ta ƙarfe, da jaka mai ƙwari ko bokiti na zuba kaya.

Maganar lokaci kuwa sai ka zaɓa. Ranar farko kayan kirki suna nan amma farashi a cike yake kuma da wuya su rage. Ranar ƙarshe yawanci ana karya farashi rabi, sai dai an riga an tsince masu kyau. Ni abin da nake yi, in hotuna sun nuna abin da nake so ƙwarai ina zuwa ranar farko minti 45 ko awa guda kafin a buɗe, saboda ana rubuta suna ko a raba lamba a bakin ƙofa kuma mutum kaɗan-kaɗan ake shigarwa. Da yake da yawa ranar Juma'a suke farawa da ƙarfe 8 ko 9, kana iya gamawa ka dawo ka yi wanka ka tafi masallaci ba tare da ka makara ba. Sai kuma in koma ranar ƙarshe don manyan kaya masu nauyi da mutane suke ƙyashin ɗauka da kuma gwangwanayen tarkace.

Da an buɗe maka ƙofa kar ka tsaya kallon komai, tambayi hanyar gareji ko ɗakin ƙasa ka wuce kai tsaye. Abin da ya ja hankalinka ɗauke shi ka riƙe tukuna, ka duba daga baya, in ka ajiye ka juya baya wani ya ɗauka shikenan. Ka duba ƙarƙashin benci, ka ja kowace durowa, ka leƙa saman katakon rufi inda suke soke zarto da dogayen kaya, ka zazzage gwangwanin kofi da yake cike da noti don sau da yawa akwai ƙananan soket da bakin diril a ƙasa.

Akwai wani gida da bazan manta ba. Na sauka ɗakin ƙasa na tarar da bango guda an zana siffar kowane kayan aiki da baƙin fenti, wajen guduma da siffar guduma, wajen filaya da siffar filaya, yadda in an ɗauka za a san inda za a mayar. A ƙarƙashin katakon jera kaya ya kafe murafun ƙananan kwalabe da ƙusa, kowace kwalba an murɗa ta a murfinta tana reto, wannan ƙananan sukurori wannan washa wannan ƙusoshi. Fensirinsa yana kan bencin an feƙe shi da wuƙa. 'Yarsa, ita ma ta manyanta, tana tsaye a bakin matakala tana kallon mutane suna cire kayan daga bango. Na sayi filen ɗinsa na goge katako da cizal uku na sassaƙa, da zan fita na ce mata aiki zan yi da su ba ajiyewa zan yi ba, sai ta riƙe hannuna da hannu biyu ta kasa magana. Don Allah in ka shiga irin gidan nan ka tuna gidan rasuwa ne, kar ka yi wurgi da kaya, kar ka kushe abu da ƙarfi don a rage maka.

Sunayen da zaka nema da yadda zaka duba kowanne

Filen na goge katako shi ne abin da aka fi nema. Sunan da zaka fi gani Stanley ne, na garin New Britain a Konetikat, kuma a jikin da yawa zaka ga an rubuta Bailey, sunan mutumin da kamfanin ya sayi fasaharsa a 1869. Lamba tana gaba a jikin ƙarfen. Lamba 4 na gamawa ne, lamba 5 mai tsawon inci 14 shi ne na aikin yau da kullum, lamba 7 dogo ne inci 22 na miƙar da gefen katako. In ka goge saman wuƙar ka ga zanen zuciya da haruffan S.W. a ciki, wannan na wajen 1920 zuwa tsakiyar shekarun 1930 ne, zamanin da aikinsu yake da kyau sosai. In ka ga kwanan wata har layi uku a zube a jikin ƙarfen gaban mariƙin baya, na ƙarshen APR-19-10, wannan na tsakanin 1910 da 1918 ne kuma masu aiki suna sonsa. Wanda aka rubuta Bedrock ya fi tsada, kar ka bar shi. Wanda aka rubuta Handyman kuma na arha ne tun asali, ba sai ka wahala ba. In kuma Allah ya haɗa ka da lamba 1, ɗan ƙarami da bai kai tafin hannu da yatsu ba, masu tara kayan tarihi suna biyan sama da dala dubu a kansa, kar ka goge shi kar ka taɓa shi da samfefa. Millers Falls da Sargent da Record na Ingila duk suna aiki daidai da Stanley kuma sau da yawa sun fi arha don mutane sunan Stanley kawai suka sani.

Yadda ake duba shi, kifa shi ka haska bakin da wuƙa take fitowa da tocila, ka bi gefe biyu da ido. Jikin filen ƙarfen zubi ne, in ya faɗi ƙasa tsagewa yake, kuma tsagar tana ɓuya a ƙarƙashin datti kamar silin gashi. Na taɓa sayen lamba 5 cikin sauri a ɗaki mai duhu, sai da na wanke shi a gida na ga tsaga daga baki har gefe, bai ƙara yin aikin kirki ba, wuƙar da mariƙin kawai na cira. Tun ranar tocila bata barin aljihuna. Tsatsa ta sama ba komai bace, mariƙin katako da ya karye ana manne shi da gam, amma tsagar jiki ko walda to ajiye musu abinsu. Ka kuma tabbata kayan cikinsa sun cika, wuƙa da murfinta da maɗaurin sama da ƙaramar tayar tagulla ta baya, don sayensu ɗai-ɗai ya fi kuɗin filen ɗin.

Zarto kuwa Disston zaka nema, na Filadelfiya, kamfanin da aka kafa a 1840. Sunan yana kan babban maɓallin tagulla da yake jikin ƙota. Ɗaga shi ka saita idonka daga ƙota zuwa baki kamar mai duba gorar da zai saya, in akwai lanƙwasa mai kaifi bar shi, in ɗan karkata ne a hankali yana gyaruwa. Amfanin tsohon zarto shi ne ana wasa haƙoransa da magagari mai kusurwa uku har tsawon rayuwa, sababbin nan masu baƙin haƙori an ƙona bakin ya yi taurin da magagari baya ci, in ya dakushe sai bola.

Cizal ka juya bayansa, wajen da yake a shafe. In tsatsa ta ci rami-rami kusa da baki bazai taɓa yin kaifi mai kyau ba sai ka cinye wajen gaba ɗaya. Rashin ƙota ba matsala bace, ana sassaƙa wata. Buck Brothers, Witherby, Swan, Marples, in ka gansu a dala ɗaya ko biyu kwashe. Magagari shi kam ban cika saye ba, in ka ga haƙoransa suna sheƙi ya riga ya mutu. Sukwaya ko ma'auni da aka rubuta Starrett a jiki ɗauka ko nawa ne in dai bai wuce hankali ba. Gatari da guduma kan kawai kake saye, duba ramin ƙota kar ya zama ya tsage ko ya buɗe saboda an doke shi da wata gudumar.

Bais, musamman Wilton mai jiki kamar harsashi, buɗe shi har ƙarshe ka rufe, ka ji ko yana tafiya sumul, ka duba wuyansa ko akwai ɗinkin walda ko ruwan tagulla da aka shafe da sabon fenti. Sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe kullum yana sa ni ƙara dubawa.

Kayan makanikai da maganar inci

Snap-on, Proto, S-K, Williams, da tsohon Craftsman da aka buga U.S.A. a jikinsa, duk ƙarfe ne na gaske. Vise-Grip da aka rubuta Petersen da DeWitt shi ne na asali. Amma a nan ne wanda zai aika gida ya kamata ya buɗe ido sosai. Tsofaffin sifanun Amurka da inci aka auna su, zaka ga 1/2 da 9/16 da 5/8, motocin da suke cike garejin Kano da Kaduna da Maraɗi kuwa, Toyota da Honda da Peugeot da Golf, duk notinsu milimita ne. Wasu suna haɗuwa, 3/4 tana kama 19, 5/16 tana kama 8, amma lamba 10 da 12 da 17 da bakanike yake ɗauka sau ɗari a rana basu da takwara a inci, in aka tilasta sai a cinye kan noti. Na taɓa haɗa wa ƙanina saiti guda mai kyau na aika, ya kira ni yana godiya, sai daga baya yake ce min yaya, guda uku ne kawai suke shiga. Nauyin da na biya kuɗin jirgi a kansa ya tafi a banza. Don haka karanta lambar kowace sifana. Abin da baya da wannan matsalar shi ne hannun soket ɗin kansa, saboda bakinsa na 1/4 da 3/8 da 1/2 iri ɗaya ne a duk duniya, soket ɗin milimita yana hawa. Filaya, sifana mai daidaitawa, guduma, bais, kayan kafinta, duk waɗannan babu ruwansu da inci.

Kayan lantarki kuma ni shawarata a bar su in dai gida za a kai. Wutar nan bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230, in aka jona kai tsaye ƙonewa zai yi nan take. Tsohon diril mai jikin ƙarfe da wayarsa ta tsattsage yana iya jan mutum ko a nan ɗin. Masu batir kuma in batirin ya mutu, sabonsa ya fi injin tsada.

Ciniki

Ba kamar Kurmi ko Ƙofar Ruwa bane da za a ce dubu goma ka taya uku a yi dariya a ce albarka a ci gaba. Bature in ka taya masa kashi ɗaya cikin uku yana iya jin ka raina shi ya rufe maganar. Abin da yake aiki shi ne tarawa. Haɗa abu shida ko bakwai a bokiti, ka lissafa a ranka, in sun kama dala 32 ka tambaye shi ko zai karɓi 25 a duka, da fara'a, kuɗin a hannunka yana gani. Yawanci sallamawa suke. Abin da ba a liƙa masa farashi ba kar ka fara faɗin naka, bari shi ya faɗa. A estet sel ranar farko in abu ya fi ƙarfinka tambaya ko suna karɓar tayi a rubuce, wasu kamfanonin suna ajiye takarda da lambar wayarka su kira in bai fita ba. Kuma a gwanjon ƙofar gida ko baka ga ƙarfe ko ɗaya a tebur ba ka tambayi mai gidan ko akwai tsofaffin kayan aiki a ciki da yake son rabuwa da su. Sau da yawa zaka ji ya ce akwai na babana a baya ban zaci wani zai so ba, kaga babu wanda ya riga ka gani.

Abu ɗaya da nake roƙo, in ka ga tsohuwa ta sa dala 2 a kan abin da ka san ya kai ɗaruruwa, kar ka ƙara neman ragi a kai, in da hali ma ka ƙara mata wani abu.

In ka kawo su gida

Warware komai, ka ɗauki hoto kafin ka kwance don ka san yadda zaka mayar. Ware katako da tagulla gefe. Ƙarfen ka fara wanke shi da sabulu da buroshi don maiƙo ya fita, sannan ka jiƙa shi a farin ruwan khal, wanda suke sayarwa galan-galan a kantin abinci, awa kaɗan ko kwana ɗaya kana dubawa, kar ka manta shi kwana uku don yana cin ƙarfen ya bar shi da kaushi. In kana da hali ruwan cire tsatsa mai suna Evapo-Rust ya fi sauƙin sha'ani, baya cin lafiyayyen ƙarfe. Ka fito da shi ka goge da soson ƙarfe, ka ɗauraye da ruwan da aka zuba bekin soda don ya kashe tsamin, ka busar nan take ka shafa mai, in ka bar shi minti goma a jiƙe zaka ga ja ya fara dawowa. Zarto kar ka jiƙa shi, shimfiɗa shi a kan katako ka ɗiga mai ka bi shi da samfefa mai laushi da aka naɗe a guntun katako, a tsaye daga ƙota zuwa baki, a hankali don kar ka share zanen kamfanin da yake tsakiya. Ƙasan filen kuma manna samfefa a kan gilashi mai kauri ko tayil, ka ja layuka da maka a ƙasan, ka goga har layukan su ɓace.

Ƙota da mariƙi man linsid ake shafa musu, amma tsumman da ka shafa da shi kar ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, shanya shi a waje a buɗe ko ka nutsa shi a ruwa. Tsohon fenti ma kar ka kankare shi a bushe a cikin ɗaki inda yara suke, na da yana iya ƙunsar dalma.

Wajen kaiwa gida, duk kayan aikin da ya wuce inci 7 ba a barin shi a jakar hannu a filin jirgin Amurka, sai a babbar jaka, wuƙaƙe da cizal kuwa ko ƙanana ne can zaka sa su. Jakar yawanci kilo 23 ce, kuma bais guda ɗaya mai girma yana iya cinye ta, don haka masu nauyi ka haɗa su da masu loda kwantena. Cire wuƙar filen ka naɗe ta daban, shafa wa kowane ƙarfe mai ka naɗe shi da tsohuwar riga sannan leda, saboda kwantena tana yin makonni a kan teku kuma danshin gishiri yana shiga ko'ina. Filen ɗin kansa sa shi a tsakiyar tufafi yadda ko an yi jifa da jakar bazai bugu da komai ba.